Lallen Inna Lidiya

"Ki bar motsi, Mama," in ji Ishaya, yana tura yatsan mahaifiyarsa cikin wata 'yar na'ura mai baki kamar na agwagwa.

Inna Lidiya na zaune kan tabarma a gindin durumin tsakar gida, ta jingina da turmi, ƙirjinta na hawa da sauka kamar wadda ta dawo daga rafi da tulu. Shekara da shekaru ta yi tana suyar ƙuli-ƙuli a ɗakin girki marar taga, yanzu likita ya ce hayaƙin ya cinye mata huhu.

Suwaibatu ta tsaya da kwanon kunu a hannu tana kallo. Danga ɗaya ce ta raba gidanta da na tsohuwar a nan Mabai, tun ranar da aka kawo ta amarya. Su musulmi ne, Inna Lidiya kirista, amma tsohuwar ce ta yanke wa duk 'ya'yanta cibiya.

"Matso, Gwaggo Suwaiba, ke za ki koya," in ji Ishaya. "Wannan jan hasken yana ratsa yatsa, ya gano yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Ga lambar nan. In ta sauka ƙasa da casa'in, kada ki jira kowa, ki nemi mota ku tafi asibitin Ƙanƙara."

"Wannan ne aikin da kake yi a Zariya?" Suwaibatu ta tambaya.

Ya yi dariya ya ce nasa ya fi wannan ƙanƙanta. Ya zaro waya ya nuna musu hoto: baƙin fili, da ɗigo-ɗigon haske ja da kore. Ya ce ƙwayoyin halitta ne masu rai da yake reno a ɗakin bincike na jami'a. Akwai wani rini da yake sa musu, in an haska shi sai ya yi ƙyalli. Inda iska ta wadata, ƙyallin kan dushe da wuri. Inda ta yi ƙaranci, nan yake ci sosai.

Inna Lidiya ta kanne ido ta duba. "Ashe mai yunwa shi ya fi haske," ta ce, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da tarin ya lafa sai Ishaya ya sake ɗauko maganar da ya kwana biyu yana yi. "Mama, ki bi ni Zariya. Can akwai tukunyar iska, akwai likitoci."

"Ana shirin bikin Hamida in tafi? Ɗiyar da ta faɗo a hannuna? Ka bari a kai ta ɗaki, sannan ka zo ka ɗauke ni, ko bisa kai."

Hamida ita ce babbar 'yar Suwaibatu. Ishaya ya dubi maƙwabciyar yana neman ta sa baki. Ita kuwa har ga Allah tana son tsohuwar ta ga bikin nan.

"Ka tafi aikinka," ta ce. "Ba ga ni ba? Safe da yamma zan sa mata abin."

Ya tafi da hantsi, don yanzu ba mai bin hanyar nan in la'asar ta yi sakaliya, saboda 'yan bindiga. Ƙwayoyin da ya yi watanni yana reno sun kai lokacin awo, in ya bari suka wuce sai ya koma farko.

Suwaibatu ta riƙe amana. Kullum za ta maƙala na'urar, ta jira lamba ta tsaya, ta faɗa wa Ishaya ta waya. Lambar na yawo kaɗan sama da casa'in, ba ta taɓa gangarawa ba.

Ranar ƙunshi mata suka cika gidan Suwaibatu, aka kawo mai zane daga Ƙanƙara da baƙin lallen nan da 'yan mata ke yayi. Inna Lidiya ta lallaɓo da sanda ta zauna a inuwa.

"Ni ba za a yi mani ba?" ta ce. "Ko don na tsufa?"

Mata suka yi shewa. Suwaibatu da kanta ta karɓi robar lallen, ta zauna ta ɗora hannun tsohuwar a cinyarta. Hannu ne duk tabon mai, fatar ta yi laushi kamar tsohon zane. Ta tsoma mata kan yatsu duka goma har farce, ta yi mata na ƙafa. Da ya kama ya yi baƙi wuluk, tsohuwar ta riƙa juya hannuwan tana kallo.

"Rabona da lalle tun Baban Ishaya na da rai," ta ce.

Washegari Suwaibatu ta maƙala na'urar. Jan hasken ya kama, amma lamba ta ƙi fitowa, sai layi-layi. Ta sauya yatsa, haka. Ta aika aka sayo sabon batir, haka. Ta gwada a nata yatsan, wanda shi ma ya sha lalle, bai nuna komai ba. Sai ta ce a ranta kayan kanti ne, ya lalace.

Ana cikin girkin biki Ishaya ya kira, muryarsa na yankewa.

"Mi ya nuna, Gwaggo?"

"Abin ya mutu, ko a hannuna ba ya yi. Amma ga ta nan garau, tana tsokanar 'yan biki."

"Leɓɓanta fa? Sun sauya launi?"

Suwaibatu ta leƙa. "Goro take ci."

"To. Awon ƙarshe ya rage mani. Jibi ina nan tafe da wata na'urar."

Ba ta ambaci lalle ba. Ko kusa bai zo mata a rai ba.

Inna Lidiya ta ga kai amarya. Ta dafa kan Hamida ta sa mata albarka, ta ce ta riƙe gaskiya ta riƙe haƙuri. Suwaibatu ta lura tana maimaita magana, tana kiran Hamida da sunan ƙanwarta, amma ta ɗauka gajiya ce.

Da safe, bayan ta sallami baƙin da suka kwana, ta leƙa gidan Inna Lidiya. Ta tarar da tsohuwar zaune bakin gado, baki buɗe, tana jan numfashi da kafaɗu.

"Inna! Inna, mi ya faru?"

"Ba komai, Suwaiba. Buɗe mani ƙofar nan, ɗakin ya yi kaɗan."

Ƙofar a buɗe take. Suwaibatu ta ƙwala wa mijinta Malam Barau kira, ya fita neman mota da gudu. Ta zauna a bayan tsohuwar ta jingina ta da ƙirjinta, tana yi mata fifita da faifai. Inna Lidiya ta fara addu'a a hankali, ba ta kai ƙarshe ba. Lokacin da aka ji ƙarar mota a ƙofar gida, faifan ya riga ya tsaya.

Ishaya ya iso da azahar. Matan zumunta na coci sun cika tsakar gida da fararen kallabi suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Ya shiga ɗakin, ya durƙusa, ya janye mayafi ya kama hannun mahaifiyarsa. Ya daɗe yana kallon yatsun. Sannan ya ɗauki na'urar daga kan taga ya sa a nasa yatsan. Nan da nan lamba ta fito.

Suwaibatu na tsaye a bakin ƙofa, ta gani.

"Ashe ba ta lalace ba," ta ce.

"Hasken ne ya kasa ratsa baƙin lallen," ya ce, bai ɗago ba. "Ni ya kamata in faɗa maki. Da na tambaya ma."

"Ni na sa mata, Ishaya. Da hannuna."

"Ita ta roƙa?"

"Ita ta roƙa."

Ya shafa babban yatsan tsohuwar. "Ya yi mata kyau, Gwaggo."

Suwaibatu ta so ta tambaye shi ko da an kai ta asibiti shekaranjiya da yanzu tana nan. Ta dubi fuskarsa ta ga shi ma tambayar yake yi wa kansa, sai ta haɗiye.

An binne Inna Lidiya kusa da mijinta, a bayan gari. Malam Barau na cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Da yamma mutane suka watse. Suwaibatu na zaune tana tsince shinkafar da ta rage ta biki, sai ga kajin tsohuwar sun kutso ta ƙarƙashin danga, uwa da 'yan tsakinta. Ba wanda ya tuna da su yau. Suka tsaya nesa kaɗan suna karkata kai. Ta ɗebi shinkafar da tafin hannu ta watsa musu, ta zauna tana kallo suna tsattsaga.