Gurbin Siham a Kaskon Kuskus

A gidan wankan mata na ji maganar, a bakin mai cuɗa wa mata baya. Wai mugun ido ya kama Siham, 'yar maƙwabciyata Itto, tun ranar da ta ciwo tseren gudu na 'yan mata a birnin Fas aka manna hotonta a bangon makaranta. Tun daga nan ƙafarta ta hagu ta ƙi lafiya, ga tseren da za a zaɓi masu shiga ƙungiyar ƙasa ya ƙarato. Har sunan mai idon an faɗa, wata baiwar Allah da 'yarta ta zo ta huɗu.

Na daɗe ina koya wa ɗaliban jinya ƙasusuwan jiki kafin in yi ritaya in dawo garinmu Azru. Ban ce babu ido ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne idon da zai tsallake fuska da gashi ya je ya tare a ƙwauri.

Na tarar Itto ta cika ɗakin da hayaƙin turare, Siham na zaune ta miƙe ƙafa, an naɗe mata idon sawu da tsumma.

"Baba Hammu mai ɗori ya duba ta, Lalla Rkiya," in ji Itto. "Ya ce targaɗe ne. Ya shafa ƙwai da gari ya ɗaure."

"Shi kuma mai horar da ku me ya ce?" na tambayi yarinyar.

"Si Lahsan ya ce tsoka ce ta ɗaure. In na ci gaba da gudu za ta saki."

"To, ɗayansu ya yi kuskure, in ma ba duka biyun ba. Targaɗe a gaɓa yake, inda zaren da ke riƙe ƙashi da ƙashi ya miƙe ko ya yage. Ciwon tsoka kuwa baje yake, da tafin hannu ake nuna shi. Ke nuna mini naki."

Da yatsa ɗaya ta nuna, can sama da ɗaurin, a tsakiyar ƙwauri. Na danna wurin. Ba ta yi ƙara ba, amma fuskarta ta koma kamar toka. Wurin ba gaɓa, ba tsoka, fata ce kawai a kan ƙashi.

"Ta faɗi ne?"

"Ko tuntuɓe ba ta yi ba," in ji uwar. "Kin gani? In ba ido ba, mene ne?"

"Tana cin abinci?"

"Wannan? Abin da ke gabanta ne ke fara ƙarewa a kasko!"

Yarinyar da wuyan hannunta bai kai na tsohuwa kamata ba. Sai na ce wa Itto na yi kewar kuskus ɗinta, ta sa da ni ran Juma'a.

Bayan an sauko masallaci muka kewaye kasko, mu da mai gidan. Kowa yana cin abin da ke gabansa, kamar yadda aka koya mana, kuma ba a kallon hannun wani. Ni na kalla, na tsufa da jin kunyar wannan. Siham takan cura loma, ta juya ta a tafi, ta kai baki kamar za ta ci, ta ɗan gutsura, sauran ya koma. Da bayan yatsu take tura kuskus ɗin dama da hagu, zuwa gaban uwarta da nawa, har gurbi ya buɗe a gabanta kamar na wanda ya ƙoshi. Da Itto ta raba nama, nata ya lallaɓa ya shige ƙarƙashin kabewar ubanta. Kofinta na nono kuwa ta riƙe shi har aka tashi, ta kai shi kicin cike.

Na bi ta kicin ɗin na ja ƙofa.

"Na gode da ƙarin da kika yi mini, 'yata. Cikina ya kusa fashewa."

Ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Si Lahsan yana auna mu duk mako. Ya ce kowane kilo jaka ce da kike ɗauke da ita zuwa saman tudu. Kuma gaskiya ne, Lalla, da na rage sai na fara cin tsere."

"Al'adarki fa?"

"Ta ɗauke tun hunturun bara. Manyan 'yan matan sun ce haka ake so, alamar horo ya shiga jiki."

"Alamar jiki ya rufe wasu ɗakuna ce don ba shi da abin da zai ciyar da su. Gudu kullum yana yi wa ƙashi ƙananan raunuka, abinci da hutu ke gyara su. Ke kin ƙara gudun, kin janye abincin."

"Tseren nan kaɗai, Lalla. In na wuce, wallahi zan ci har kaskon."

"In kika yi shi a kan wannan ƙafar, kina iya jin ƙarar karyewarta da kunnenki."

Ta yi kuka ba sauti. Ni na gaya wa uwar, don Siham ta kasa. Itto ta zauna a bakin murhu tana ta cewa, "A gabana? A gabana, ina kallo?"

Ran Litinin muka shiga tasi zuwa asibiti a Miknas. Si Lahsan ya biyo mu, yana cewa a ba ta allurar kashe zafi ta yi tseren, daga baya a yi magani. Ba mugu ba ne. Shi ma haka aka horar da shi, kuma har yau yana ɗingishi.

Likitar da ta duba ta ta ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ga haske, ta sa bakin biro a kan wani siririn layi.

"Ƙashin ƙwaurinta ya tsage," ta ce. "Babu gudu sai bayan watanni, wannan tseren ya wuce ta. Ba faɗuwa ta yi ba, ba a buge ta ba. Yarinyar nan ta daɗe ba ta cin abin da zai riƙe ƙashinta."