Bidiyon Ƙeyar Mai Sifana

Shekara talatin Mai Sifana ya yi yana gyaran famfo, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Sai bana kamfanin da ke kula da gidajen haya, inda yake samun aiki kusan kullum, ya ce duk wanda ba shi da shaidar sana'a ya nemi wani wurin. Da furfurarsa da komai bawan Allah ya shiga kwalejin koyon sana'a, ajin manya.

Karatun rabi a aji, rabi a waya. Malamarsu, wata siririya mai tabarau, takan tura darasi a shafin makaranta, shi kuwa ya zauna bakin gado yana dannawa da yatsa kamar mai kashe kiyashi. A haka dai ya lallaɓa har jarrabawar ƙarshe: kowa ya ɗauki bidiyon kansa yana canza kan famfo, yana bayanin abin da yake yi, ya tura kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Sau uku kaɗai aka yarda mutum ya gwada.

"Wannan ma jarrabawa ce?" in ji shi. "Ai ko ido rufe."

Ya miƙa wa matarsa wayar, ya durƙusa a kicin. Minti biyu ya gama. Washegari amsar Malama ta zo: "Baba, na ga bayan rigarka da ƙeyarka, ban ga famfo ba, ban kuma ji ka ce uffan ba."

To, ga inda matsalar take. Tun yana yaron shago maigidansa ya koya masa cewa in za ka yi gyara, ka juya wa masu gida baya, ka rufe aikin da jikinka, ka ja bakinka ka yi shiru. In suka ga yadda ake yi, gobe ba za su kira ka ba. Abin ya shige masa jiki har bai san yana yi ba.

Karo na biyu ya rantse zai fuskanci waya. Ya fara da kyau, har da "Barka da rana, Malama." Sifana na taɓa ƙarfe, sai kafaɗa ta fara karkata da kanta. Matar ta zagaya dama, ya bi ta da baya. Ta koma hagu, ya sake tarewa.

"Maigida, rawa muke yi ko gyara?"

"Ke riƙe waya ki yi shiru!"

Wannan ma aka dawo da shi. Saura dama ɗaya, ga Alhamis ta zo. Da azahar yana zaune a ƙasan kicin, hannu a haɓa, abincin da aka ajiye masa ya huce. Yana tunanin yadda zai koma yawo layi-layi da jakar kaya, ga gwiwa ta fara ciwo.

Matar ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu. Sai ta buɗe jakar aikinsa, ta zaro doguwar robar da yake ɗaure bututu da ita.

"Ɗaga hannu."

"Me za ki yi min?"

"Ɗaga dai, tsoho."

Ta ɗaure masa wayar a ƙirji tamau, idon kyamarar yana kallon gaba. "To, juya yadda ka ga dama. Duk inda ka juya, tana gabanka."

Ya durƙusa, ya juya mata baya kamar kullum, hannu na aiki, baki gum. Ita kuwa ta san mijinta. Ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, ka manta ba ka rufe ruwa ba."

"Na rufe! Ga makullin nan a ƙasa, shi ake fara juyawa, sannan a buɗe famfo ragowar ruwan ya tsiyaye."

"Wannan farin tef ɗin fa? Ai a baibai kake naɗa shi. Mai gyaran gidan ƙanwata ba haka yake yi ba."

"Wa? Wannan ragon? Duba nan! Ta inda ake ɗaurewa ake naɗawa, in ba haka ba kina juya kan famfo zai warware, ruwa ya yi ta yoyo. Zagaye takwas. Ƙirga!"

Haka ta yi ta tsokanarsa, shi kuwa yana zazzago ilimin shekara talatin cikin faɗa, tun daga yadda ake duba washa, 'yar robar nan ta cikin famfo, har inda ake tsayar da sifana kada a fasa bakin bututu. Da ya buɗe ruwa, ko ɗigo babu.

Sai a nan ya tuna da abin da ke ƙirjinsa.

"Innalillahi! Har da ragon da na ce?"

"Har da shi. Saura minti goma huɗu ta yi. Tura."

Ya tura.

Ranar Asabar wayar ta yi ƙara suna karyawa. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Ya ci, da maki tamanin da bakwai. A ƙasa Malama ta ƙara da cewa a gaishe da mai tambayoyin, in tana so akwai gurbi a aji mai zuwa.

"Me ta ce?" in ji matar.

"Ta ce... na ci."

"Sai me? Na ga rubutun da tsawo."

Ya kife wayar a kan tabarma, ya jawo kofin shayi.

"Sauran duk turanci ne."