Faransancin Manniru

Manniru mai kankana da abarba ne a kasuwar Zuba. Shekara tara ke nan rumfarsa na jingine da ta Ebenezer, mutumin Gboko mai sayar da lemu, wanda har yau Hausarsa ba ta bambance mace da namiji. Tare suke cin abincin rana, kuma ranar da ɗaya bai tsokani ɗaya ba, sai maƙwabta su leƙo su tambaya ko lafiya.

Abin da ke ƙona wa Manniru rai shi ne direbobin Kwatano masu kawo abarba. Da an fara ciniki sai su juya harshe zuwa Faransanci, suna kallonsa suna dariya. Da ya ji an ce akwai malamai a intanet da ke koyar da kowane yare kyauta, sai ya miƙa wa Ebenezer wayarsa, don shi karatun bokonsa bai wuce lambobi ba.

"Nemo min malamin Faransanci, amma na ƙwarai."

Ebenezer ya yi 'yan danne-danne, ya dawo da wayar yana danne dariya. "Ga ta. Wannan mata, shi ne oga a duk malamai."

Wata farar mata ce mai tabarau. Takan ɗaga abu ta faɗi sunansa sau uku, ta jira a maimaita. Kalmar farko da ta faɗa ita ce "merhaba".

Manniru ya ɗaga kai. "Ai wannan marhabin ne. Ina bonjur ɗin da nake ji a bakin direbobi?"

"Bonjur na 'yan tasha ne," in ji Ebenezer. "Wannan na Paris ne, na masu kwat."

Manniru ya gamsu. Wata huɗu ya yi yana karatu. Da kasuwa ta lafa bayan azahar, sai ya kishingiɗa a bayan tulin kankana, ya jingina wayar da sikeli, yana bin malama baki da baki yana rubutawa da ajami a bayan kwali. Ya san kankana "karpuz" ce, lemu "portakal". Ya iya ƙirga har ɗari, ya iya tambayar lafiyar iyali. Kullum Ebenezer sai ya tambaye shi, "Yaya Paris?" sannan ya shige bayan buhuna kafaɗunsa na rawa.

Ranar wata Talata motar Kwatano ta iso. Manniru ya gyara hula, ya ratsa dillalai, ya tsaya gaban direba ya zuba masa gaisuwa mai tsawo, ya ɗora da tambayar farashi. Direban ya buɗe baki yana kallonsa. A duk jawabin kalma ɗaya ya kama, "ananas", wato abarba. Ya juya ga dillalai ya tambaya da gurguwar Hausa ko malam addu'a yake yi wa kayan.

Aka fashe da dariya. Manniru ya koma rumfa yana cewa laifin direban ne, ɗan tasha ne, bai san na Paris ba.

Yana cikin maimaita jawabin shi kaɗai don ya gano inda ya yi kuskure, sai ga Christina. Mai dafa abinci ce a wani gida a Jabi, kuma duk mako wurin Ebenezer take ɗaukar buhun lemu. Ta tsaya cak.

"Malam Manniru, ina ka koyi yaren masu gidana?"

"Faransawa ne?"

"Wane Faransawa? Turkawa ne. Abin da kake yi Turkanci ne tsantsa."

Manniru ya waiwaya rumfar maƙwabcinsa. Babu kowa, sai takalmi ɗaya da aka bari a garin gudu.

Ransa ya ɓaci sosai. Wata huɗu! Ya ɗauki kwalayen zai yaga, sai Christina ta ce akwai tsohuwa a gidansu, uwar maigidan, ba ta jin Turanci ko kaɗan, wuni take yi a taga ba mai yi mata magana. Manniru ya mayar da kwalayen ƙarƙashin benci.

"Madam, ki zo da ita kasuwa ta sha iska. Amma kada ki gaya wa mutuminki mai lemu."

Da Ebenezer ya lallaɓo da yamma, Manniru bai nuna masa komai ba. Har yankan kankana ya ba shi. Wannan ya fi zagi tayar wa Ebenezer da hankali, ya shinshina ta sau biyu kafin ya ci.

Mako na zagayowa sai ga Christina da tsohuwa, 'yar gajera da ɗankwali mai furanni. Suka nufi rumfar lemu kamar kullum. Manniru ya tare su da "hosh geldiniz", wato sannu da zuwa. Tsohuwar ta dafe ƙirji. Ta ɓarke da zance kamar an buɗe famfo, idonta ya kawo ruwa. Ko kashi ɗaya cikin goma bai gane ba, amma duk inda ta numfasa sai ya jefa abin da ya iya, ita kuma ta gyara masa tana dariya.

Ebenezer ya matso yana washe baki. "Maƙwabci, gaya masa lemuna zuma ne."

"An gama," in ji Manniru. Ya nuna buhunan, ya dubi tsohuwa cikin ladabi ya ce, "Portakal ekshi. Cok ekshi."

Ma'anarsa, lemun nan tsami gare shi, tsami ƙwarai.

"Cok, cok!" in ji Ebenezer, yana gyaɗa kai yana buga ƙirji. "Daga gonar babana!"

Tsohuwar ta yamutsa fuska, ta yi masa kallon tausayi, ta juya ga kankana. Christina ta toshe baki da gyale har aka gama loda kankana a but ɗin motarsu. Ko lemu ɗaya ba su ɗauka ba.

Sai da motar ta tashi Ebenezer ya daina murmushi. "Kai, me ka faɗa masa?"

"Na Paris ne, ba za ka gane ba."

Kwana biyu Ebenezer bai ci abinci da shi ba. A rana ta uku ya turo kwanon sakwara tsakiyar rumfunan, ya zauna yana hararar gefe. Manniru ya wanke hannu. Sun yi nisa da ci kafin ya yi alkawarin zai gaya wa tsohuwa an kawo sabon lemu mai zaƙi, da sharaɗin a sa masa malamin Faransanci na gaske.

Ebenezer ya miƙo hannu zai karɓi wayar. Manniru ya mayar da ita aljihu, ya ce zai jira Christina ta sa masa.