Uban Lauwali

Ni Jummai mai kifi, ni ce babba a ɗakinmu, sai Namadi, sai autanmu Malami. Don haka idan na ce Namadi kishi gare shi, ba ƙage na yi masa ba, ni na goye shi. Mutum ne da ko tuwo aka zuba masu a akushi ɗaya sai ya leƙa gefen ɗan'uwansa ya ga ko miya ta fi taruwa a can.

Da matarsa ta haifi ɗan fari, aka sa masa Lauwali, ana yaye shi aka kai shi gidan Malami riƙo, kamar yadda muka tashi muka tarar ana yi. Ɗan fari ɗan kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san da shi a gaban mutane. Namadi kuwa ya riƙe kunyar nan har ya wuce kowa a Bagudo. Idan dole ta sa zai ambaci yaron, sai ya ce "wancan na gidan Malami". Mutane suna yabonsa, ni kuwa ina ganin yadda idonsa ke bin yaron duk sanda ya wuce riƙe da hannun Malami yana kiransa Baba.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai Lauwali ya gama sakandare a Sakkwato ya dawo da takardarsa. Gidan Malami ya sauka, can aka yi ta zuwa barka. Namadi bai je ba. Ya zo rumfata a kasuwa ya zauna yana karya min busasshen kifi yana ci ba da izini ba, yana cewa shi bai ga abin buki ba, takarda ai ba ta noma. Na ce masa to ya rage cin jarina, tunda shi ma kifin ba shi ya kamo ba.

Yaron aikin banki yake so. Ya ce Turawa suna tafiya, ana neman 'yan Arewa masu lissafi, amma ba a shiga sai da wanda ya san hanya. Malami bawan Allah, daga gonarsa ta wajen Zagga sai masallaci, wa ya sani? Ya je wurin hakimi aka ce a yi haƙuri, ya koma aka ce a ƙara haƙuri. Damina ta wuce, kaka ta wuce, yaro yana zaune yana ramewa. Wallahi na ga Namadi yana jin daɗin abin nan, kuma na ga yana jin zafinsa, duk a fuska ɗaya. Ya kan ce min, to ga mai ɗa, bari mu ga ƙarshen iyawarsa.

Shi Namadi falke ne na ruwa. Yana ɗaukar kifi da shinkafa a jirgi ya haura Dole Kaina, ya tsallaka Dahome ya sauko da gishiri da atamfa. A Dole Kaina yake da aboki Bayarabe mai kanti, Bamidele, wanda surukinsa Mista Femi babban akawu ne a wani banki a Sakkwato. Ashe duk surutun nan da yake yi a rumfata, ya riga ya fara sintiri. Ya kai wa Bamidele kifi, ya kai zuma, ya yi ta naci kamar ƙuda, har Bamidele ya yi alkawarin idan surukin ya zo hutun Kirsimati zai kawo shi Bagudo ya ga yaron. Da Namadi ya gaya min, na tambaye shi ko Malami ya sani. Ya ce ina ruwan Malami, shi dai yana so garin nan su gani da idonsu wanda ya buɗe ƙofar.

Ranar da baƙin suka zo, a zauren Namadi aka sauke su, ba na Malami ba. Ya yanka rago, ya gayyato liman da dattawan unguwa, ya sa rigarsa ta Sallah. Malami ya zo ya raɓe a bakin ƙofa. Ni ina bayan zana ina tura kwanoni, kunnena kuwa yana cikin zauren.

Mista Femi mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta 'yan Sabon Gari. Ya yi wa Lauwali tambayoyi da Turanci, yaro ya amsa, ya ƙara, ya amsa, har ya yi dariya ya ce wannan ai nasu ne. Sai ya ce saura abu guda. Banki wurin amana ne, ba sa ɗaukar yaro sai ubansa ya tsaya masa a gaban shaidu, ya ce ɗansa ne, ya san halinsa, ya ɗauki nauyin duk abin da hannunsa ya taɓa. Ya juya wurin Namadi, tunda shi ya yi ta zirga-zirgar, ya ce, "Maigida, ɗanka ne, ko ba haka ba?"

Namadi ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. A gaban liman, a gaban dattawan da suka shekara ashirin suna yabon kunyarsa, ya buɗe baki ya ce ɗana ne? Ai gara a ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Malami shi ma ya yi gum, don yana ganin rashin ladabi ne ya tari numfashin wansa a zaurensa, ga shi kuma ya san wanda ya sha wahalar. Lauwali sai zufa yake yi. Dattawa kuwa sai gyaɗa kai suke, su a wurinsu abin ya yi kyau.

Baƙo bai san wannan ba. Ya sake tambaya, shiru. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya dubi Bamidele ya yi masa magana da yarensu, sannan ya ce da Hausa, idan uba yana shakkar tsaya wa ɗansa, lalle akwai abin da ya sani wanda su ba su sani ba, shi kuwa ba zai kai wa banki abin da zai ja masa kunya ba. Ya jawo takalminsa. Na ji kamar in yaga zanar nan in shiga in mari kowa.

Sai na ji muryar Namadi.

"Ɗan Malami ne. Ga ubansa can bakin ƙofa, shi zai tsaya."

Malami ya taso ya faɗi abin da ake so a faɗa. Mista Femi ya saki fuska, ya riƙe hannun Malami da hannu biyu yana jinjina masa, ya ce ya yi tarbiyya, Allah ya ba kowa uba irinsa. Ya rubuta sunan yaron Lauwali Malami Bagudo. Sannan ya gode wa Namadi a kan ragon, ya ce samun maƙwabci irinsa sai an tona. Maƙwabci! Kafin la'asar duk gari ya ɗauka Malami ya sama wa ɗansa aikin banki.

Namadi ya yi mako bai leƙo kasuwa ba. Da na je, na tarar da shi yana ɗinke tarun da ba nasa ba. Na ce masa shi ya so, kalma biyu ce kawai ta gagare shi. Ya ce in ƙyale shi. Can kuma ya ce, ko kallon gefensa yaron bai yi ba da aka tashi. Na ce yaya zai kalle ka, kunyar da ka koya masa ce yake yi maka.

Ranar tafiya aka taru a tasha. Lauwali ya durƙusa gaban Malami, Malami ya dafa kansa yana sa masa albarka, mata suna ta addu'a. Namadi yana can nesa bayan tsamiya, wai yana jiran wani falke. Ya yafito ni, ya miƙo min ƙunshin busasshen kifi, manya-manya irin waɗanda ba ya sayarwa, ya ce in ba yaron in ce daga Malami.

Na kai. Na faɗa yadda aka ce in faɗa. Lauwali ya juya ƙunshin, ya tsaya yana kallon igiyar. Ɗaurin 'yan jirgi ne, Malami kuwa ko akuya ya ɗaure sai ta kwance. Bai ɗaga kai ya dubi tsamiyar ba. Ya rungume ƙunshin ya ce, "Gwaggo, ki ce wa Baba na gode." Ya hau mota.

Da motar ta ɓace na koma wurin Namadi. Bai bari na ƙaraso ba ya ce, "Yaya, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a ce wa Baba ya gode."

Ya murza hularsa. Ya dubi inda Malami yake tsaye mutane sun kewaye shi suna ba shi hannu.

"Wane baban?"

Na ce bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Har muka isa gida yana bina a baya yana cewa in sake maimaita masa yadda yaron ya faɗe ta.