Ruwan Hoda a Cikin Kek

Bara'atu ta yage bakin ambulan ɗin da wuƙar yanka albasa, hannunta duk fulawa. Takarda ce 'yar ƙarama daga asibiti. Likitar ta rubuta kalma ɗaya tal da Larabci, ta ja mata layi biyu a ƙasa kamar ta san akwai mai musu: walad. Namiji.

Ta jawo kujerar roba ta zauna. Kicin ɗinta na unguwar Nuzla a Jidda ya ɗauki zafi, fanka sai juya zafin take yi, kek hawa biyu yana shan iska a kan tebur.

Ƙanwarta Ruba ce ke da ciki wata biyar, kuma ta kafe sai an yi mata bikin nan da matan Jidda suka ɗauko yayi. Likita za ta rufe sakamakon hoton ciki a ambulan, ba mai gani sai mai yin kek. In namiji ne a cusa shuɗin kirim a tsakiya, in mace ce ruwan hoda, a yanka a gaban jama'a kowa ya gani lokaci guda. To, da yake kek sana'ar Bara'atu ce, wa za a ba in ba ita ba?

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma ba za ka ce ba. Bara'atu tana shekara huɗu iyayen suka bar ta a Damagaram wajen kaka, suka zo aikin Hajji, suka zauna. Ruba a Jidda aka haife ta, a cinyar uwa ta girma. Sai da Bara'atu ta kai sha tara aka aiko mata ta zo. Har yau ita Inna take ce wa uwar tasu, Ruba kuwa Ummi, kuma a kunnen Bara'atu Ummin nan ta fi saurin amsawa.

Shekararta tara da auren Muntaka, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ruba fa? Wata uku da kai ta ɗaki ta fara amai. Yanzu kuma namiji! Mahaifinsu Malam Isha'aku ya rasu bai bar ɗa namiji ba, kuma Bara'atu ta daɗe da ajiye sunan nan a ranta, tana jiran nata ɗan. Shi ma Ruba za ta ɗauke, kamar yadda ta ɗauke komai ba tare da ta miƙa hannu ba. Duk maƙwabciyar da ta ce, "Allah ya sa Malam ne zai dawo," sai Inna ta yi murmushi ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Bara'atu ta tabbata ta san fassarar murmushin nan.

Kishi ne, ta sani, ba ta ma tsaya yi wa kanta ƙarya ba. Kwalaben kala biyu suna gabanta. Ta ɗauki shuɗin, ta jujjuya shi, ta mayar.

"Rana ɗaya dai," ta ce a fili. "Rana ɗaya Ruba ta nema ta rasa."

In an haihu sai a ce na'urar likita ce ta yi kuskure, ai ana yi. Ta ɗiga ja a cikin farin kirim ta kaɗa har ya koma ruwan hoda, ta cika tsakiyar kek ɗin, ta lulluɓe shi da fari tas. Takardar kuwa ta ninke ta jefa a jakarta.

Bayan la'asar Muntaka ya sauke ta a ƙofar benen su Ruba a unguwar Aziziyya. Falon ya cika da mata, turaren wuta har yana hawa kai. Balan-balan shuɗi a bango guda, ruwan hoda a ɗayan, ana ta zagayawa da gahawa da dabino da sambusa. Dalal, aminiyar Ruba, tana bin kowa da waya tana ɗaukar bidiyo. Wata tsohuwa 'yar Chadi ta taɓe baki.

"Mu a zamaninmu cikin fari ɓoye shi ake yi har ya tona kansa. Yanzu har da leƙawa a ga me ke ciki. Ikon Allah!"

"Hajiya, ki ci kek dai ki yi mana addu'a," in ji Dalal, aka kwashe da dariya.

Ruba ta taso da ƙyar cikin doguwar riga fara, ta rungume yayarta. Hausarta a karye take, rabi Larabci.

"Yaya, wallahi jiya ni ba barci. Faɗa mini kaɗan, bas kaɗan!"

"Ke da kika ce a ɓoye? Sake ni kar ki ɓata mini kek."

Inna tana zaune a kusurwa da carbi. Ta ɗago ta dubi Bara'atu, duban mai neman amsa a fuska. Bara'atu ta kau da kai. A ranta ta ce, ki jira, yanzu za ki gani.

Mata suka gyara lulluɓi, aka kira Yazan mijin Ruba daga ɗakin maza. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya ɗora hannunsa a kan na matarsa a bisa wuƙar.

"Yalla, bismillah!" in ji Dalal.

Wuƙa ta nutse. Aka zaro yankan farko, ruwan hoda ya bayyana.

Guɗa ta tashi, ana mabruk, mabruk, wata ta fasa balan-balan. Bara'atu ba ta kalli kowa ba sai Inna, tana jiran fuskar nan ta faɗi ko da na ƙiftawar ido ne.

Inna ta saki carbin. Ta ɗaga hannu biyu sama, hawaye na zuba, tana dariya kamar yarinya.

"Alhamdu lillahi! Allah ka amsa mini!"

Kafin Bara'atu ta gane abin da ke faruwa, Ruba ta ratso mata ta faɗa jikinta tana kuka.

"Yaya, taki ce! Taki ce!"

"Mene ne nawa?"

"Bint ɗin, yarinyar! Mun gama magana tun tuni, ni da Yazan da Ummi. In walad ne, halas, sunan Baba, kuma dangin Yazan ba za su bari ya bar gidan nan ba. In bint ce, sunanta Bara'atu. Ranar da na yaye ta, ke za ki riƙe ta. Mun ɓoye miki don kar ki sa rai ya zo ba haka ba."

Yazan ya gyaɗa kai daga bakin ƙofa. "Haka ne, Yaya. Na amince."

Inna ta iso tana jan ƙafa, ta kama fuskar Bara'atu da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta ƙasar nan.

"Na bar ki kina shekara huɗu," ta ce. "Ban ga famfararki ba, ban yi miki kitson sallah ba. Wata biyar ke nan duk sujadar da na yi mace nake roƙo. Na ce ko Allah zai ba ni wata Bara'atun in ga girmanta a ɗakinki."

Bara'atu ta sauke idonta ƙasa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga wani baƙin ciki sabo fil da ita ta kaɗa shi da hannunta. Tsohuwar nan 'yar Chadi tana ta sa albarka, tana cewa wannan kam zumunci ne irin na da. Dalal ta ce har ta tura bidiyon Damagaram.

Ruba ta kamo hannun yayarta ta ɗora a kan cikinta.

"Tsaya, tsaya. Kin ji? Takwararki tana gaishe ki."

Abin ya motsa a ƙarƙashin tafinta, ƙaramin naushi mai ƙarfi. Bara'atu ta rufe ido, ta bar hannun a wurin. A ranta ta huda wa yarinyar kunne. Ta yi mata kitson sallah, ta ɗaura mata ɗan zane, ta riƙe hannunta suka tsallaka titi zuwa makaranta. Ta ji an kira ta Inna, ta amsa.

Sannan ta zare hannunta a hankali, ta jawo jakarta ta zuge.

"Dalal, don Allah kashe wayar nan."

"Yaya, me kike nema?" in ji Ruba, har yanzu tana murmushi.

"Takardar likita," Bara'atu ta ce.