Shuɗin Akwati a Dutsen Isalo

"Mayar da shi baya," na ce. "Ba wannan ba, hoton da ya wuce."

"Haba Soa, nama zai ƙone," in ji Faniry yana dariya. "Kin bar tsire a wuta kin zo kallon hotunan mutane. In Madam ta ci gawayi yau, sunana za a ɓata a littafin baƙi, ke kina gefe kina fifita."

"A mayar da shi baya, Faniry."

Madam Ornella, 'yar Italiyar da ya yi wa rakiya tun safe, ba ta jin yarenmu, amma ta ga fuskata. Ta ja yatsa a kan wayarta, hoton ya dawo.

A sansanin bakin rafi muke, inda nake dafa wa masu yawon Isalo abincin rana shekara huɗu ke nan. Sauran matan sun gangara wanke tukwane, ƙananan biran nan da muke kira maki, su biyu, suna zagaye teburin da wutsiyoyinsu a sama, suna jiran a yi sakaci da ayaba. Madam ta riga ta nuna mini tafkin da ta yi wanka a ciki, da kwazazzabon da ta ratsa ruwa har gwiwa, da duwatsun da rana ta mayar jajaye. Kowane baƙo haka yake nuna mini su, sai ka ce shi ya ƙera su da safen nan, ni kuma ina yi masa murmushi. Wannan hoton ne ya tsayar da ni.

Akwatin gawa ne shuɗi a bakin kogo, an kakkafa tsabar kuɗi a murfinsa. A gefensa akwai zanen jan bijimi mai karyayyen ƙahon hagu, ƙafarsa ta baya a karkace. Ni na karkata ta. Da gashin kaza na zana shi a tsakar gidanmu, hawaye bai bar ni na ga abin da hannuna ke yi ba.

"A ina ne wannan?"

"Can sama, bayan kwazazzabo, in an ɗan bar hanya," ya ce, har da ɗaga kafaɗa. "An kwashe mai shi tuni. Ni na gano shi. Sauran 'yan rakiya duk akwati ɗaya suke nuna wa mutane, wanda rana ta cinye fentinsa. Nawa kuwa kalle shi, kamar jiya aka shafa. Kin ga mijin da za ki aura ko?"

Faniry ba ɗan ƙabilarmu ta Bara ba ne. Daga Ambalavao ya zo shekara biyu da suka wuce, da harsuna uku a bakinsa da wushirya. Littattafan da baƙi ke mantawa a tanti yake tattaro mini, ya rubuta sunana a shafin farko kamar shi ya saya, ni kuma na karanta su duka na ga fuskarsa a kowanne. Ya haddace abin da kowane ɗan rakiya ke faɗa wa Turawa: mu Bara sau biyu muke binne mutum. A fara sa shi a kogon ƙasa a toshe da duwatsu, bayan shekaru a fito da ƙasusuwan a wanke, a naɗe a sabon zane, a hau da su da igiya can sama wurin kakanni, a bar akwatin a yashe. Yana faɗinsa da kyau, har baƙi su yi shiru.

Ya kuma san Babana yana kogon ƙasa har yanzu. Baffa Remaro, ƙanin Baba, ya ce sai bayan girbin shinkafa za a hau da shi, saura wata biyu, sannan a yi maganar aurenmu. Faniry ya fi ni ƙirga kwanakin. Har ya sayi bijimin da zai kai wa Baffa, baƙi mai farin goshi, yana wanke shi fiye da yadda yake wanke kansa. Wurin da kogon Baba yake ne kawai bai sani ba. Ya taɓa tambayata, na lanƙwashe yatsa na nuna masa duwatsun gaba ɗaya, don fady ne, wato haramun a al'adarmu, a miƙe yatsa ga kabari, kuma ba ma nuna wa bare inda namu suke kwance.

Madam ta ga na ƙura wa wayar ido, ta ɗauka burge ni ya yi. Ta ja yatsa gaba.

Ita ce zaune a kan akwatin, ta harɗe ƙafafu, hularta a hannu, tana dariya. Diddigen takalminta yana kan bijimin.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina jin ƙaurin nama, ina jin rafi, amma kamar daga wani gari.

"Soa? Lafiya? Rana ce ta buge ki?"

"Babana ne," na ce.

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda bai ji da kyau ba. Sai murmushin ya tsaya a fuskarsa bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba.

"A'a. A'a, Soa, babu kowa a ciki. Na ɗaga gefensa da hannuna, ba nauyi."

"Shekara uku, Faniry. Nauyin me kake so ya rage masa?"

Madam tana ta tambaya da Faransanci me ya faru. Faniry mai harsuna uku ya kasa ko ɗaya, ni ce na faɗa mata da ɗan abin da na tsinta a bakin murhu. Ta toshe baki da hannu biyu. Ta goge hotunan a gabana, tana ta ba ni haƙuri. Ban iya jin haushinta ba. An ce mata zauna, ta zauna.

"Mutum nawa ka kai?" na tambaye shi.

"Tun ruwan nan na Fabrairu ne. Wasu duwatsu sun zube, na hango shuɗi ta kafar, na ce ai an gama da shi ne aka bar shi haka." Ya ƙirga da yatsunsa. "Za su kai ashirin."

"Duk sun zauna?"

Ya kawar da kai, ya kalli rafi.

Na sauke tsiren da ya zama gawayi, na kira wata daga rafi ta kula da Madam, na ce mata kaina ne ke ciwo. Muka kama hanyar sama, yana gaba ina baya. Rana ta take. Muka wuce tsiron nan mai kumburarren ciki da rawayen fure wanda yake sa baƙi su durƙusa ɗaukar hoto, muka wuce inda dutse ya buɗe ana hango filin ciyawa har ƙarshen ido. A nan ne ya fara ce mini yana sona, iska na ɗauke rabin maganar, sai da ya maimaita sau uku. Yau ko waiwayowa bai yi ba.

Na tsaya a gindin itacen tapia, iyakar inda mata ke tsayawa. A nan na tsaya ranar da aka kawo Baba, ina jin ƙarar duwatsu Baffa yana jera su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ana ganin komai. Bakin kogon a buɗe yake wangame. Duwatsun da ruwa bai zubar ba Faniry ya kwashe su, ya jera su a gangaren, matakala ya yi wa baƙinsa don kada su zame. Matakala mai kyau kuwa, mai faɗi, irin aikin mutumin da ke kula da mutane. Akwai ɓawon lemo a mataki na uku.

Babana mutum ne da ko tabarmarsa ba a zama a kai. In ya fita da shanu, a naɗe take a jingine har ya dawo.

"Ki saurare ni," in ji Faniry. "Babu wanda ya sani. Madam gobe za ta wuce Toliara. Kafin la'asar na mayar da kowane dutse, na rantse miki. Ruwa ma ai ya fara zubar da su, in an zo a ce ruwa ne."

Ba zan ɓoye ba, na so in ce to. Na hango mu bayan wata biyu, an hau da Baba, an yi kiɗa, Faniry ya jawo baƙin bijiminsa har ƙofar Baffa yana wannan murmushin. Abin da ake nema a wurina kawai in yi shiru, ni da na saba yin shiru a gaban manya.

"Baffa ya san duwatsun nan kamar yadda ya san shanunsa," na ce.

"Ba zai lura ba."

"To Baba fa? Shi ma ruwa za ka ce masa?"

Ya sunkuya ya ɗauki dutsen matakin farko, ya rungume shi a ƙirji.

"Ajiye shi. Hannun bare ba ya rufe wannan ƙofar. Sai an roƙi Baba, sai an zubar da jini, sai nasa sun rufe."

"Jinin me? Bijimi ɗaya gare ni, Soazara. In aka yanka shi, da me zan zo neman ki? Kuma kin san Baffa. Tun farko cewa yake yi ɗan tudu irina ba ya zama a dutse. Zai iya karɓar bijimin ya yanka, ya kuma ce kada in sake taka ƙofarsa."

"Zai iya."

"Kuma kin yarda?"

Yana kuka sosai, dutsen na hannunsa. Ban taɓa ganinsa yana kuka ba, kuma ban taɓa son sa kamar a lokacin ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na juya na fuskanci kogon, na gyara zanena, na ɗaga murya yadda su biyun za su ji.

"Baba, ka yi haƙuri, yau ɗin nan naka za su zo su rufe maka ƙofa. Faniry, ni na tafi wurin Baffa, zan faɗa masa kafin shanu su dawo. In kana sona, ka kwanto bijimin ka biyo ni, ka faɗa da bakinka, zan tsaya kusa da kai ko me ya yanke. In ba ka zo ba, ni kaɗai zan faɗa, kuma babu aure."