Rabin Kwano Ga Raguna Uku

Ranar Asabar ce, kwana biyu bayan ƙaramar salla. Zafi ya hana ko kaji fitowa daga inuwa, babu iska, ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa da ke bayan ƙauyenmu, ya ja har ana ganin laka. A ranar ne Baba, Alhaji Salih, ya ba ni 'yan raguna shida in kiwata zuwa layya. Ya ce idan suka yi kyau zaribar, wato garken dabbobinmu, ta zama tawa, idan ba su yi ba in tafi garin Managil in zauna a kantin ƙanensa. Ni da zaman benci ya kore ni daga makaranta tun ina aji shida, na san ba zan iya wuni a kanti ba.

Na taɓa jin wani makiyayi a kasuwar garin Hajj Abdalla yana cewa tumakin da suka sha yunwa da rani, idan damina ta sauka, sun fi waɗanda ba su taɓa rasa ci ba saurin yin nama. Maganar ta ƙi fita daga kaina, ina so in gani da idona. Sai na raba zaribar biyu da karan dawa. Uku ina ba su cikakken kwano na dawa da ambaz, wato tunkuzar gyaɗa, uku kuma rabi. Abin da na rage ina tara shi a wani buhu. Baba yana can hawasha, wato gonarmu, wajen shirin shuka, ban gaya masa ba.

Yayata Ma'u ce ta fara ganewa.

"Zaharaddini, azumi ya wuce, kai ko ka ɗora ma raguna sitta shawwal?" in ji ta.

Na roƙe ta ta yi shiru, ta ce za ta yi, amma in daina sa su kuka lokacin da take barcin rana.

Kowace Juma'a nakan sa rago a buhu in rataya a mizanin auduga. Masu cikakken kwano suna ƙara kilo ɗaya da wani abu. Masu rabi kusan ba sa motsi a mizani, amma ba su daina girma ba, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ƙafafunsu suka yi tsawo, kansu ya yi girma, ƙashin bayansu ya fito. Har karan da na yi shinge da shi suka fara ci.

Ranar kwana talatin da biyar, da hantsi, na kwance buhun nan na juye musu a kwami ban auna ba. A ganina haƙƙinsu ne nake mayar musu. Biyu suka kafa kai, suka ture na ukun gefe saboda ya fi su ƙanƙanta.

Da la'asar na tarar da biyun a kwance, cikinsu ya kumbura ta hagu, suna cizon haƙora. Ma'u ta ruga ta kira Kawu Mukhtar, mahaucin unguwarmu. Ya ɗura musu mai da kanwa, ya jira kaɗan, sannan ya ce a kawo wuƙa kafin su zama mushe. Yana fiɗa yana tambayata, na gaya masa komai.

"Makiyayin bai yi ƙarya ba, ɗana," in ji shi. "Amma ciyawar damina kaɗan-kaɗan take tsirowa. Wa ka gani ya zuba ma dabba damina duka rana guda?"

Na kasa ɗauke ido. Kawu ya nuna mini ƙoda tsirara, babu kitse a kanta. Hantar ƙarama ce, jelar fata ce kawai, naman ya yi ja sosai kamar na tsohuwar akuya. Da Ma'u ta dafa, ko maiƙo bai tashi a kan romon ba, kuma sai da muka tauna da gaske. Sauran aka yanyanka aka shanya don sharmut, busasshen naman miya, kwana biyu ya bushe ƙayau.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dubi fatun biyu a kan katanga, ya ce mu jira layya.

Na ukun na bi da shi yadda Kawu ya koya mini, ina ƙara masa tafin hannu ɗaya bayan kowane kwana uku. A mako na biyu ya fara ƙara kilo biyu duk Juma'a, ya fi masu ƙoshi sauri. Na so a ce layya ta ƙara wata ɗaya.

Jajiberin salla Baba ya shigo zariba. Ya shafa bayan ukun nan masu ƙiba, sannan ya shafa na ƙaramin, ya daɗe hannunsa yana kai. Na fara yi masa bayanin mizani, ya saurare ni har na gama.

"Na ji, kuma da gaskiyarka," ya ce. "Amma shida na ba ka. Ka shirya kayanka, bayan salla da kwana uku za ka bi motar Managil."

Abin da aka rasa shi ne raguna biyu, buhun dawa da ambaz ɗaya, kilo huɗu a jikin na ukun, da zaribar.